AC na hura gilashi, direba na gumi: a duba tiyo kafin a sake zuba gas

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40 a Kano, masu gyaran AC na mota ba sa rasa aiki. A Rano da Kibiya ma, da zarar iska ta daina fitowa ta ƙofofin gaba, abin da yawanci ake fara cewa shi ne gas ya ƙare. Sai a zuba, a biya, matsalar kuma tana nan. Wannan ɗabi'a ta zuba gas ba tare da bincike ba tana cin kuɗin masu mota, kuma matasan da ke riƙe da wayoyin zamani ne suka fi dacewa su kawo ƙarshenta.

Aikin gas, kamar R134a da ke cikin yawancin motocin da ake shigowa da su na hannu, shi ne sanyaya iska. Ba shi ke zaɓar inda iskar za ta bi ba. Wannan aikin wasu ƙananan ƙyamare ne da ke bayan dashbod, masu buɗewa da rufewa su tura iska fuska, ƙafa ko gilashi. A tsofaffin Mercedes irin su 190 da V-boot, da motocin Ford da Jeep da yawa na Amurka, ƙarfin zuƙar iska da inji ke samarwa ne ke jan ƙyamaren, ta cikin siraran tiyo na roba.

Idan tiyo ya tsage ko ya zame, zuƙar sai ta yi rauni. An ƙera irin waɗannan motoci yadda in hakan ta faru iska za ta koma gilashin gaba, domin a ƙasashe masu sanyi ganin hanya ya fi jin daɗin direba muhimmanci. Shi ya sa ake samun mota mai AC da sanyi ƙalau amma tana hura gilashi kawai.

Akwai alamar da ke tona asirin matsalar. Injin fetur ya fi zuƙa idan yana silo, zuƙar kuma tana faɗuwa idan an taka totur sosai. Don haka motar da iskarta ke fita daidai a tsaye, amma ta gudu gilashi idan za a wuce tirela a titin Kano zuwa Zariya, sannan ta dawo da an sassauta ƙafa, tana nuni ne ga tiyo, ko ƙaramin bawul mai hana iska komawa, ko tulun robar da ke ajiye zuƙar. Zafin inji da daɗewa suna busar da roba, ɓera kuma kan ciji tiyo, musamman a motar da ke ɗaukar hatsi ko kwana kusa da rumbu.

Masu rubuta manhaja suna da ƙa'ida: a fara gano yanayin da matsala ke bayyana, a canza abu ɗaya, a sake gwadawa. Haka ya kamata a yi wa mota. Idan iska na fita inda aka zaɓa amma ba sanyi, a nan ne maganar gas ko kwamfaresa ke shigowa. Idan tana da sanyi amma ba ƙarfi ta ko'ina, a duba fanka da matatar iska, wadda ƙurar hunturu ke toshewa. Idan tana da sanyi da ƙarfi amma ta ƙi bin umarni, a bi tiyo.

Waya na da amfani a nan. Tocilanta da kyamararta suna leƙa ƙasan dashbod inda kai ba ya shiga. Ana iya kusantar da ita ta naɗi sautin tsakin iska, amma a nisanta hannu da riga daga bel da fankar inji. Na'urar ELM327, da ake soka wa a mahaɗar OBD-II wadda Amurka ta wajabta tun 1996, tana aiki da manhaja irin Torque. Idan ta nuna lambar P0171, iska ta yi wa mai yawa a inji, kuma ɓular tiyo na cikin manyan dalilai. Ɓula babba takan sa inji rawa, wani lokacin har ta ƙara shan mai, abin da ba wanda zai raina tun cire tallafi a Mayun 2023.

Sai dai na'urar ba ta ganin ƙaramar ɓula, kuma tsohuwar V-boot ba ta da wannan mahaɗa. Yawancin Toyota da Honda kuwa ƙaramin moto mai lantarki ko waya ke motsa ƙyamarensu, don haka neman tiyo a cikinsu ɓata lokaci ne. Dole a fara sanin tsarin motar.

Wasu za su ce makaniki ya fi mai waya sanin aikinsa. Gaskiya ne, kuma ba a ce kowa ya kwance dashbod ba. Amma mai motar da ya je gareji da bidiyon yadda iska ke sauyawa idan an taka totur ya rage wa makaniki lalube, ya kuma rage wa kansa kuɗi da wahalar zuwa Ƙofar Ruwa neman kayan da ba su lalace ba. Kafin a amince da zuba gas, a tambayi mai gyara: me aka gwada, me ya nuna?