Camfin Ranar Masoya da Tsoron da ke Ƙarƙashinsa

Duk shekara idan Fabrairu ta kama, sai gardama ta tashi a kan ranar 14 ga wata: masu sayar da fure da cakulan suna kira, masu wa'azi suna gargaɗi. Ni yau camfe-camfen da Turawan Ingila suka rataya wa ranar nake so mu duba, domin wanda ya zuba musu ido zai ga tsoro ya fi soyayya yawa a cikinsu.

Asalin ranar bai da alaƙa da soyayya. Valentine, wanda ranar ke ɗauke da sunansa, limamin Kirista ne da aka kashe a ƙarni na uku, aka binne shi a bayan birnin Rum. Sai a wajen 1380 mawaƙin Ingila Geoffrey Chaucer ya ambaci ranar a matsayin lokacin da tsuntsaye ke zaɓen abokan zama, daga nan ne aka ƙulla ta da neman aure. Labarin da ake yawan yaɗawa cewa ta samo asali kai tsaye daga bikin arnan Rum na tsakiyar Fabrairu, masana tarihi ba su sami hujjar da ta tabbatar da shi ba.

Tunda da tsuntsaye aka fara, da su aka ci gaba da duba. Budurwa takan leƙa waje da sassafe, tsuntsun da ta fara gani shi ne labarin mijinta. In mai jan ƙirjin nan ne, ma'aikacin jirgin ruwa za ta aura. In gwara ce, talaka ne mijin, amma za a zauna lafiya. In ɗan tsuntsu mai ruwan zinariya a fiffike ne, ta dace da mai kuɗi. Wadda kuwa ta yi arba da tsuntsun da ke ƙwanƙwasa icce da baki, an ce ba aure a gabanta. A lura, tsuntsayen ba su cewa komai a kan halin mutumin ko ƙaunarsa. Sana'arsa da aljihunsa suke faɗa, sai kuma amsar babbar tambayar: zai zo ko ba zai zo ba?

A 1755 wata jarida ta Landan, The Connoisseur, ta buga wasiƙa da muryar wata budurwa tana bayyana abin da ta yi a daren jajibirin ranar. Ta samo ganye biyar na wani icce mai ƙamshi da suke jefawa a miya, ta soke huɗu a kusurwoyin matashin kanta, na biyar a tsakiya, don ta yi mafarkin wanda za ta aura. Bai ishe ta ba. Ta dafa ƙwai, ta cire gwaiduwar, ta cika gurbin da gishiri, ta cinye har da ɓawon, ta kwanta ba ta yi magana ba, ba ta sha ruwa ba. Ta kuma rubuta sunayen samari a 'yan takardu, ta dunƙule kowace cikin yumɓu, ta zuba a ruwa tana jiran wadda za ta fara tasowa. Don raha aka buga wasiƙar, amma al'adun da ta lissafa sanannu ne a lokacin. Ni dai ban ga abin dariya ba a yarinyar da ke tauna ɓawon ƙwai da gishiri cikin dare, maƙogwaro a bushe, tana neman wanda zai gaya mata makomarta.

Ga matar aure abin wasa ne. Samuel Pepys, jami'in ofishin sojan ruwa, ya rubuta a kundinsa na 1662 cewa matarsa ta shafe safiyar ranar tana rufe ido da hannu don kada ta ga masu fenti da ke aiki a gidan, saboda namijin da mace ta fara gani shi ne gwaninta na shekarar, shi zai ba ta kyauta. Iyakar asararta kenan, kyauta mai tsoka. Budurwa kuwa rayuwarta ce kacokan a kan sikeli. A dokar Ingila ta lokacin, dukiyar mace takan koma hannun miji da zarar an ɗaura aure, sai dokokin 1870 da 1882 suka gyara wannan. Kafin 1857 mutum ba ya samun cikakken saki sai majalisar dokoki ta yi masa doka ta musamman, abin da attajirai kaɗai ke iyawa. Wadda ta faɗa hannun mugu ta faɗa kenan. Wadda ba ta samu ba kuma sai zaman alfarma a gidan ɗan'uwa ko aikatau. Ƙidayar 1851 ta nuna mata sun ɗara maza da kimanin rabin miliyan, har aka riƙa kiran su rarar mata.

Jama'a kuma ba su tausaya ba. A ƙarni na 19 an riƙa buga katunan cin mutunci masu arha, da zanen mace an munana mata fuska, da baitocin gori cewa ta tsufa ba mashinshini. Ba a sa hannu. Kafin gyaran tsarin gidan waya na 1840, wanda aka aika wa wasiƙa shi ke biyan kuɗinta, don haka mace takan ciro kuɗinta ta karɓi zagi.

Yau ba mai soke ganye a matashi, amma kasuwa ta gaji tsoron tana juya shi. A Koriya ta Kudu har an ware 14 ga Afrilu ga waɗanda ba su sami kyautar masoya ba, su taru su ci taliya mai baƙar miya.

Mu ranar baƙuwa ce gare mu, amma wannan fargaba 'yar gida ce. Mun san masu duba da ke zana ƙasa su ce wa yarinya an yi mata asiri ko aljani ya aure ta, su karɓe 'yan kuɗin sana'arta. Muna yi mata faɗa cewa zuwa wurin boka haramun ne, kuma gaskiya muka faɗa. Sai dai ba ma tambayar wa ya kora ta can. Gwaggon da ke tare ta a kowane gidan biki da "Ke har yanzu shiru?", da maƙwabciyar da ke raɗa cewa ta yi kwantai, da uwar da ke huci duk lokacin da aka kawo katin auren ƙawarta, su ne suka share wa boka hanya. Yarinya mai shekara ashirin da takwas da ke koyarwa a firamare, tana biya wa ƙannenta kuɗin makaranta, takan ji wannan tambaya daga bakin mutanen da ba su taɓa tambayar ta yadda aikinta yake ba.