A Maido Wa Tsofaffin Maiduguri Waƙoƙinsu

A ƙasar Japan, inda kusan mutum 3 cikin 10 suka kai shekara 65, akan rera wa tsofaffi waƙoƙin ƙuruciyarsu a gidajen kula da su. Har wanda mantuwa ta kama sai a ji yana amshi.

To, Maiduguri fa? A 2014 da 2015 rikicin Boko Haram ya koro dattawa daga Bama, Gwoza da Baga. Wasunsu suna nan raɓe a gidajen dangi, ba gona, ba abokin hira. Ciyar da su wajibi ne, amma tuwo ba ya maganin kewa.

Ya kamata gidan rediyon BRTV ya ware musu fili kowane mako, su ji Shata, Ɗan Maraya da algaitar Barebari. Samari kuma su ɗauki waƙoƙin da ke bakinsu tun ƙasa ba ta rufe idonsu ba.