Kafin ka tsine wa injekta, leƙa tankinka

Jama'a, mu faɗa wa juna gaskiya. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, mai tsohuwar akori-kura da ke ɗaukar buhuna daga Vimtim zuwa kasuwar Mubi yana neman sauƙi. Ya cire kafireta, ya sa injekta. Da mota ta fara shaƙewa a kan tudu, sai a ce injekta ba ta ƙasarmu ba ce. Ƙarya ne!

Kafireta tana haƙuri da ɗan ƙaramin famfo. Injekta irin ta yawancin motoci kuwa tana son famfon lantarki mai matsin awo kusan 40, kamar iskar taya. Ka bar mata tanki mai tsatsa da tsohuwar filta, ka ɗura mata man bumburutu, sannan ka yi mamaki don nozul ya toshe?

Kai kuma bakanike, ka ji tsoron Allah. Auna matsin mai, duba wayar at, wanke tanki, kafin ka ce a sayo sabuwar ƙwaƙwalwa. Kuɗin gyaɗar talaka ba na gwaji ba ne. In aikin ya fi ƙarfinka, ka faɗa.