Ba a Dasa Itace a Gonar Aro

A ƙauyenmu da ke ƙasar Dambatta, inda gona ke manne da gona har akuya ba ta da wurin kiwo da damina sai a turke, akwai ilimin da yaro ke tashi da shi tun kafin ya iya riƙe fartanya: gona iri-iri ce. Akwai ta gado, akwai ta saye, akwai ta jingina, akwai ta aro. Dukkansu suna ba da gero da wake. Amma ban taɓa ganin wanda ya dasa ɗorawa ko mangwaro a gonar aro ba. Ko taki ba a cika yi mata ba, domin mai ita yana iya sallama wata safiya ya ce bana yana son abarsa.

Na fara da gona ne domin in yi magana a kan abin da wasu za su ga bai cancanci tawada ba, wato wasan kwamfuta, wanda yaranmu ke kira gem. Ra'ayina shi ne ta ƙofar gem 'ya'yan karkara suke fara shiga duniyar kwamfuta, kuma mu da muka yi karatu mun bar su suna noma a gonar aro, alhali ga gonar gado nan babu mai shiga.

A bayan masallacin Juma'armu akwai wani shago mai rufin kwano, da janareta, da talabijin biyu, da tsofaffin na'urorin PlayStation. Yaro zai yini yana ɗaukar kara ko sayar da rake, ya kawo abin da ya samu ya buga ƙwallo ta minti goma. Dattawa suna cewa shiririta ce, kuma wani lokaci da gaskiyarsu, domin akwai mai barin salla da makaranta saboda ita. Sai dai yaron da ya fara gyara igiyar na'urar da ta tsinke, wanda ya gane dalilin da faifai ke maƙalewa, a wannan shagon ya fito. Shi ne jikan yaran da suka ƙera mota da karan dawa da gwangwanin madara. Hana shi wasa ba zai yiwu ba, domin ba a taɓa yin zamanin da yaro bai yi wasa ba. Abin tambaya shi ne, a kan wace irin na'ura zai yi shi: wadda zai iya buɗe cikinta, ko wadda aka garƙame?

Kowace kwamfuta tana da uwar manhaja, wadda ke tafiyar da komai a cikinta. Wadda muka saba da ita, Windows, mallakar kamfanin Microsoft ce. Abin da mutum ke saye izinin amfani ne kawai; rubutun da aka gina ta da shi a ɓoye yake. Akwai kuma wata hanyar. A 1983 Richard Stallman ya kafa shirin GNU a Amurka, bisa aƙidar cewa mai kwamfuta yana da haƙƙin ya yi amfani da manhaja, ya nazarce ta, ya gyara ta, ya kuma ba maƙwabcinsa. A 1991 wani ɗalibin jami'a a Finlan, Linus Torvalds, ya saki ƙashin bayan Linux. Kada wani ya ce baƙon abu ne: wayar Android da ke aljihun mai shayin garinmu a kan Linux aka ɗora ta.

Lokacin da nake jami'a, duk sa'ad da na kawo wannan magana, amsa ɗaya abokaina ke ba ni: "Linux ba ta gem." A da maganar tana da ƙamshin gaskiya. Yanzu kuwa ta zama labarin kasuwar da ta riga ta watse. A watan Agusta na 2018 kamfanin Valve, mai shagon wasannin Steam, ya fito da Proton, wata manhaja da ke aikin tafinta tsakanin wasannin Windows da Linux, wadda aka gina a kan aikin sa-kai na Wine da aka faro tun 1993. A watan Fabrairu na 2022 kuma ya fara sayar da Steam Deck, na'urar wasa ta hannu da ke tafiya da Linux. Dubban wasannin da aka rubuta domin Windows yau suna gudu a kanta. Mai maimaita tsohuwar maganar, ko dai bai bincika ba, ko kuma yana kare kasalarsa ne.

Ba zan ɓoye inda gizo ke saƙa ba. A 2025 masu amfani da Linux a Steam ba su kai kashi 4 cikin ɗari ba. Fortnite da Valorant ba sa aiki a kanta, haka nan sababbin wasannin ƙwallo na EA, kuma ƙwallo ce ran gem a wajenmu. Sai dai a duba dalili. Ba gazawar Linux ba ce. Kamfanonin ne suka sa manhajar kama masu maguɗi wadda ke neman shiga har ƙuryar ɗakin kwamfutar mutum, suka kuma zaɓi kada ta yi aiki a can. Apex Legends ta daɗe tana aiki a Linux kafin masu ita su rufe ƙofar a ƙarshen 2024. Shi kansa Valve ɗan kasuwa ne, shagonsa kuma ba buɗaɗɗe ba ne. Ban zo neman sabon ubangida ba.

Wanda yake shakkar cewa gonar aro muke nomawa, ga shaidu biyu. A ranar 31 ga Maris, 2024, kamfanin Ubisoft ya kashe manyan kwamfutocin da wasan tseren mota The Crew ya dogara da su, wasan da aka fara sayarwa a 2014. Waɗanda suka biya kuɗinsu suka wayi gari da faifan da ba ya tsinana komai. Fushin da ya biyo baya ya haifi gangamin Stop Killing Games, wanda ya tara sa hannun mutum fiye da miliyan ɗaya a Tarayyar Turai a 2025. Shaida ta biyu ta fi kusa da mu. A ranar 14 ga Oktoba, 2025, wa'adin kula da Windows 10 ya cika, in ban da ɗan ƙarin lokaci ga wanda ya shiga wani shiri na musamman. Windows 11 kuwa tana sharɗanta kayan cikin da yawancin kwamfutocin da suka girmi 2018 ba su da su. To su wa ke sayen irin waɗannan kwamfutoci? Mu ne. Su ne ake jibgewa a shagunan Kano da sunan na hannu, su ne uba ke sayar da rago ya saya wa ɗansa mai shirin jarrabawa.

Ƙanena yana da irinta. Wani mai gyara a birni ya cika masa ita da manhajojin sata, cuta ta shige ta, ta koma tafiyar hawainiya. Na ɗora mata Linux Mint daga ɗan filas, ban biya kowa ba, ban kuma saci na kowa ba. Na sa masa SuperTuxKart na tseren mota, da 0 A.D. na gina daula, da Luanti na gine-gine, dukkansu kyauta, dukkansu ana iya buga su ba tare da intanet ba. Da farko ya yi tsaki, ya ce, "Yaya, ina ƙwallo?" Bayan mako uku na same shi ya buɗe fayil ɗin da ke ɗauke da kalmomin wani wasa, yana sauya su da Hausa, yana faɗa da ƙ da ɗ da ɓ a kan allon rubutu. Bai nemi izinin kowa ba, domin izinin yana cikin lasisin tun asali. Wannan shi ne dashen itace.

Mu ba baƙin wannan aƙida ba ne. Wa ya mallaki dara? Mutum biyu za su zauna a inuwar gawo, su haƙa gurabe a ƙasa, su samo tsakuwa da tsinke. Ba wanda zai zo daga wata uwa duniya ya ce daga yau an rufe dara. Haka manomin da ke ajiye irin geronsa a rumbu ya san bambancinsa da wanda sai ya je shago kowace bazara. Mun san darajar abin da yake namu a gona da dandali, amma da zarar an kunna allo sai mu manta.

Laifin ba na yaran ba ne. Namu ne, mu masu digiri, da muke koyar da "kwamfuta" a makarantu alhali danna maɓallan kamfani ɗaya kaɗai muke koyarwa. Wani kason laifin kuma na 'yan gani-kashe-nin Linux ne, masu yi wa mai son ƙwallo kallon jahili, suna jifansa da kalmomin da ko su sai sun duba littafi. Ba a jawo yaro da raini. A bar shi ya buga ƙwallonsa a shagon bayan masallaci. Amma kwamfutar makaranta, da ta gida, da tsohuwar da ofis ya jefar, a ɗora musu abin da zai iya buɗewa. Filas ɗaya ya ishi gari guda, kuma kwafarsa halal ce.

Masu iya magana sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Ƙasar noma ta yi mana kaɗan; gonar da kakana ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma sha ne ke kallonta. Ba dukkanmu za ta ciyar ba, kuma da yawa daga cikin waɗannan yara a gaban allo za su nemi abinci. In haka ne, wajibi ne mu tambaya tun yanzu ko gonar da muke tura su ta wane ne. Jiya da dare na bar ƙanena yana neman kalmar Hausa da zai sa a madadin wadda ke fitowa in an ci wasa. Bai same ta ba tukuna, amma ba wanda zai zo ya ce masa ya tashi.