Tambayar Waya Ma Tambayar Marubuci Ce



Akwai wata ɗabi'a a zaman ƙungiyoyinmu da ya kamata mu sake dubawa. Idan wani ya yi tambaya kan jigo ko gina tauraro, kowa sai ya gyara zama. Amma da zarar ƙanwarmu ta ce wayarta ba ta fitar da haruffa masu ƙugiya, sai a ce mata nan ba shagon gyaran waya ba ne. A ganinmu an zalunce ta.

Wanda ya so rubuta "baƙi" ya rubuta "baki", ko "ƙafa" ta koma "kafa", ai ma'anar labarinsa ce ta ɓaci, kuma alƙalin gasa ba zai ɗora wa waya laifin ba. Maganin bai kai minti biyar ba: a shiga saitin Gboard a ƙara harshen Hausa. Don me za mu riƙa yi wa mutane wa'azin ƙa'idojin rubutu, sannan mu hana su tambayar yadda za su bi su?

Batun adana rubutu ya ma fi wannan nauyi a wajenmu. A farkon Satumba 2021 aka katse layukan sadarwa a duk faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro, aka yi makonni ba kira ba intanet. Daga Talata Mafara da Ruwan Gizo har Bakura da Maradun, duk wanda littafinsa ke Wattpad ko Facebook kaɗai, ya zama ba shi da hanyar buɗe abin da ya rubuta da hannunsa. Shi kuma wanda ya bar nasa a waya kaɗai, ranar da aka sace ta ko ta faɗa ruwa, shi ke nan. Saboda haka "ina zan ajiye kwafi na biyu?" tambayar marubuci ce tsantsa, ta fi yawancin musun da muke yi kan wane ne gwani amfani.

Ba muna cewa a buɗe ƙofa ga komai ba. Fasasshen gilashi da batirin da ba ya riƙe caji, mai gyara ya fi mu saninsu. Abin da za mu auna shi ne ko amsar za ta shafi rubutun da zai isa hannun mai karatu.

Shawararmu, a ware minti goma sha biyar a kowane zama don irin waɗannan tambayoyi. Muna da masu difloma daga kwalejin Abdu Gusau a cikinmu, su karɓi wannan aikin.