Zaman Tabarma: Adashen dare a Okinawa

Waɗanda munka zauna tabarma ɗaya ran Laraba sun ga ɗiyar ƙanwata ta biyo ni taro ba tare da na kira ta ba, har wasu na tambayata ko lafiya. Tambayar na bisa hanya. Shekara uku ina bin yarinyar nan ta shiga asusu, tana ce mini, "Inna, wannan ai na tsofaffi ne, ni ina da ajiyata a banki." Tafiya ce ta juya ta, kuma da izininta zan ba ku labarin, don ya taɓo wata magana da ke gabanmu.

Ma'aikaciyar lafiya ce, shekarunta 27. An tura ta horo na sati shida ƙasar Japon, a cibiyar JICA da ke Urasoe, cikin tsibirin Okinawa, can kudu, tafiyar kusan awa uku a jirgi daga Tokiyo. Ni da ƙanwata munka haɗa kuɗi munka sayo kilishi mai kyau ta kai ma mutanen tsaraba. A Yamai ta fitar da shi daga jaka, don takardar da anka aiko mata ta ce ba a shiga ƙasar da nama, ɗanye ko busasshe. Ƴan gidan da ta sauka sunka cinye. Maimakonsa ta tafi da ƙananan jakunkunan fata na Damagaram da atamfa turmi biyu.

Satin farko da na biyu ba abin da take faɗa mana sai ladabin mutanen. Ka shiga gidan abinci a miƙo maka ɗan tawul mai ɗumi ka goge hannu. Takalmi a bakin ƙofa ake barinsa, makewayi ma da nasa silifa daban. A kanti ba a miƙa kuɗi hannu da hannu, akwai ɗan faranti da ake ajewa. Wata rana ta bar ma yaron da ya kawo mata abinci ɗan canji, ya biyo ta da gudu har bakin titi ya maida mata, don su ba su karɓar irin wannan kyauta. Amma da na ce mata, "To ai kin samu gida," sai ta yi shiru, sannan ta ce, "Inna, kowa na sunkuya mini, amma ba wanda ya ce ina gajiya, ina mutanen gida." Cikin jirgin ƙasa na garin, mai tafiya bisa gada, sau da yawa kujerar da ke kusa da ita ce ke zama ba kowa. Ba wanda ya harare ta, ba kuma wanda ya zauna.

Abin ya canza ran Asabar ɗin da tafintarsu ta kai ta gidan uwarta, tsohuwa mai shekara saba'in da ƴan kai. A can ana ce ma kaka Oba, ita ma haka ta dinga kiranta. Ku sani Okinawa ƙasar naman alade ce, yana cikin miya, yana cikin romon taliya, har kitsensa ana suya da shi. Akwai kuma wani ruwan zaƙi da ake sa ma girki, mirin, wanda ke da giya a ciki. Tun sati guda kafin zuwanta Oba ta sa ɗiyarta ta rubuto mata abin da Musulmi ba ya ci. Da ta karanta sai ta tafi kasuwa ta sayo sabuwar tukunya da sabon kasko, ta ce tsofaffin duk sun ga alade. Ba ta faɗa ma baƙuwar ba, daga baya ne tafintar ta ba ta labari. Da azahar ta yi, kafin ta buɗe baki an nuna mata ɗaki an shimfiɗa tawul mai tsabta, an duba alƙibla a salula. Mu gabas muke dubawa, su daga can sai yamma. An ba ta kifi da shinkafa, da wani kayan lambu mai ɗaci da suke kira goya, ɗan uwan garahuninmu ne, da sata andagi, wanda ta ce ba shi da maraba da fanke sai tauri. Wannan tunani na hango buƙatar baƙo kafin ya furta suna ce mishi omotenashi. Mu ma mun san baƙonka annabinka, amma gaskiya ban taɓa sayen tukunya saboda baƙo na wuni ɗaya ba.

Sati biyu bayan haka Oba ta aiko a ce mata ta shirya ran Juma'a da ƙarfe bakwai na dare, za ta kai ta moai. Da ta tambayi inda ake yi anka ce izakaya, wato gidan abinci na dare inda ake sayar da giya. Sai ta kira ni. Awa takwas ke tsakaninmu, ita magariba ta gabato, ni ina tsakar kasuwa da hantsi. "Inna, in tahi?" Na ce, "Mi za ki yi a mashaya?" Ta ce tsofaffin mata ne su goma, kuma tafintar na tare da ita. Na yi jim, na ce ta tafi bisa sharaɗi uku: kada ta rabu da tafintar, ta duba abin da ke cikin kofinta, ta kira ni da zarar ta koma masauki. Ban ce wata ta tura ɗiyarta irin wannan wuri ba, kuma na san cikinku akwai waɗanda da sun hana. Ni dai abin da na yi ke nan.

Wurin na kusa da Kokusai-dori, babban titin birnin Naha da ba ya rabuwa da fitilu da jama'a. An ba su ɗan ɗaki, an zauna ƙasa bisa tabarma. Matan nan goma tare sunka yi lakwal, fiye da shekara hamsin suna haɗuwa duk wata. Kafin a kawo abinci ɗaya ta fito da littafi, kowace ta aje yen 10.000, wajen jikka arba'in a canjin lokacin, anka rubuta, anka zuba cikin ambulan anka miƙa ma mai ɗauka, ta sa hannu. Yarinyar ta ce ta kusa yin ihu. Adashe! Adashen da take raina mana, a ƙasar da ke ƙera Toyota. Littafin ma na musamman ne, a kantin takardu ake sayensa, an buga shi don moai kawai.

Aikin kuɗin bai wuce minti biyar ba, zaman kuwa ya kai awa uku. Mai ɗaukar watan ba ita ce ya kamata ta ɗauka ba, wata ce ta bar mata layinta don mijinta na kwance. Ɗaya ba ta zo ba, ta aiko da zubinta. Nan take anka kira ta a waya, anka ji muryarta ba daidai ba, biyu sunka ce da safe za su leƙa ta. Wasu na shan awamori, giyar shinkafa ta garin, ita kuwa anka kawo mata sanpin, shayi mai ƙamshin fure, ba wadda ta ce ko ta ɗanɗana. A teburinsu ba ka cika kofinka da kanka, na kusa da kai ne ke lura ya ƙara maka, don haka duk daren idon kowa na kan kofin ƴar uwarta. Kuɗin abinci daban ne da na zubi, a raba daidai kowa ta biya nata. Na baƙuwa Oba ta biya, da ta sa hannu cikin jaka sai anka riƙe mata hannun.

Can wani ya ɗauko sanshin, molonsu mai tsirkiya uku da fatar maciji, tsofaffin sunka miƙe suna juya hannuwa sama, rawar da suke kira kachashi. Su da yatsa a baki suke fito in daɗi ya kai, ita kuwa ba ta san lokacin da ta rangaɗa guɗa ba. Ɗaki ya yi tsit, sannan aka fashe da dariya, sai da ta maimaita sau uku, Oba na gwadawa tana shaƙewa. Daga nan wasu sunka wuce karawoke, ƙananan ɗakuna da ake haya da awa a yi waƙa.

Ta ga ɗaya fuskar daren ma. A hanyar komawa akwai maza cikin kwat sun bugu sun kwanta bakin titi, da samari masu tare mutane suna jan su zuwa mashaya. Jirgin garin na tsayawa wajen sha biyun dare. Wanda ya sha kuma ya zo da mota, sai ya kira direbobi biyu, ɗaya ya tuƙa shi gida cikin motarsa, ɗayan ya biyo su da tasu. Ƙarfe sha ɗaya da rabi nasu ta kira ni daga masauki.

Kafin su rabu ta tambayi Oba abin da ni ma zan tambaya: ga banki, ga kati, ga fansho, adashe na mene? Tsohuwar ta ce kuɗin ba su fi ƙarfinta ba, kuma ba don su take zuwa ba. In ba zubi, ran da gwiwa ke ciwo za ta ce sai wata mai zuwa, wata mai zuwa ma haka, har a wayi gari ba ta san halin da kowa ke ciki ba. Zubin ne ke sa ta ɗauki sandarta. Abin kuma ba sabo ba ne a ƙasar. Fiye da shekara 700 ana yinsa da sunan mujin ko tanomoshi, har wasu kamfanonin mujin sunka zama bankuna a 1951. Su ma suna da masu ɗauka su gudu, shi ya sa littafi da sa hannu, kuma ba a saka baƙuwar fuska cikin zubi don an ci abinci tare dare ɗaya.

To ga inda maganar ta zo kanmu. Tun da Mata Masu Dubara ta fara a jihar Maraɗi a 1991, asusunmu ya wuce adashe: akwati mai makulli uku, bashi, tara, rabo a ƙarshen zagaye. A tsarin kuɗi ba mu da abin koyo wurin Oba. Amma ku dubi tabarmarku. A ƙungiyarmu yanzu kusan rabi ta waya suke aiko zubi, ko a ba yaro ya kawo, kuma an kawo shawarar a soke tarar rashin zuwa ga duk wadda kuɗinta sunka iso. Bara ɗaya daga cikinmu ta yi ɓari, ta yi sati uku kwance, zubinta bai taɓa makara ba. A bakin rijiya munka ji. Littafi ya nuna komai daidai, mu kuwa da kunya munka shiga gidanta. Ba banza anka ce zumunta a ƙafa take ba.

Na san amsar da za a ba ni, kuma tana da nauyi. Su sau ɗaya a wata suke zama, mu duk sati. Su sun aje aiki, mu ga daka, ga ruwa, ga kasuwa, ga maigidan da ba kullum yake barin fita ba. Don haka ban ce a hana waya ba. Mai jego, mai jinya, mai tafiya, ta aiko ba tara. Amma wadda ba a gani ba sau biyu a jere, a tashi mutum biyu su je su gan ta da ido, ko da zubinta ya cika. In an kulle akwati kuma kada kowa ta ɗauki takalmi sai an yi kwata guda ana tambayar juna gida. Wannan zan faɗa ran Laraba in layi ya zo kaina, ina kuma so in ji yadda kunka yi da wannan magana a Tawa da Damagaram.

Yarinyar dai ta ba da sunanta, dala ɗari duk sati. Sai wata matsala: su in ka yi musu kyauta sai sun rama, jakar fatar da ta ba Oba ta haifi wani ƙunshin shayi da ya iso makon jiya. Yanzu rama tana kanmu, kilishi kuwa ba ya shiga. Ni na ce luddai da ƙwarya mai zane, uwarta ta ce turaren wuta. Wadda ke da dabara ta faɗa ma sakatariyar ƙungiyarsu ta aiko mini.