Laburare ya kai waƙa Madobi, kada ya jira Madobi ta zo birni

Duk shekara idan 21 ga Maris ta zagayo, ranar da hukumar UNESCO ta ware wa waƙa tun 1999, marubuta a Kano sukan haɗu su karanta abin da suka rubuta. Galibi a cikin birni ake yi, kuma ɗakin karatu na Murtala Muhammad da ke titin Ahmadu Bello ya daɗe yana karɓar tarurrukan marubuta, musamman na ƙungiyar ANA. Wannan abin yabo ne. Sai dai jihar na da ƙananan hukumomi 44, kuma hukumar kula da ɗakunan karatu ta jiha ce baki ɗaya, ba ta ƙwaryar birni kaɗai ba.

A watan Maris mutumin Madobi, Kura ko Bunkure yana gona. Lokacin noman rani ne, ana kwashe tumatir ana girbin alkama a filayen da ruwan dam ɗin Tiga ke shayarwa. Saurayin da ke rubuta baitoci a bayan littafinsa na makaranta ba zai bar ban-ruwa ya biya kuɗin mota zuwa birni don zaman awa biyu ba. Ƙanwarsa kuwa ba ma za a bar ta ta je ba.

Abin da ya kamata masu tsara ayyukan laburare su riƙa tunawa shi ne, rubutacciyar waƙar Hausa ta kunne ce. Ana rubuta ta ne don a rera. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, kuma Imfirajinsa ta zagaye ƙasar Hausa a bakin mabarata da ɗalibai, har waɗanda ba su taɓa riƙe littafin ba suka haddace ta. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ba ta zauna jiran matan ƙauye su zo Sakkwato ba. Ta naɗa jajis, mata shugabanni na 'Yan Taru, su koyi waƙoƙinta su koma garuruwansu su karantar. A Kano ma, a da ƙungiyar Hikima ta Mudi Sipikin haɗuwa mambobinta suke yi su rera, a gyara wa mutum karinsa da amsa-amonsa a gaban jama'a. Laburaren da ya jera Fasaha Aƙiliya ta Aƙilu Aliyu a kanta, ya kafa allon "a yi shiru", rabin aikin ya yi.

Don haka abin da ake buƙata a Madobi ba shi da tsada. Ma'aikacin laburare ɗaya, akwatin littattafan waƙa, lasifika mai batir da tabarmi, sai harabar makarantar sakandare ko ƙofar gidan hakimi. A yi zaman sau ɗaya a wata, bayan la'asar, a guje wa ranar kasuwa da makonnin dashen shinkafa. A fara da rera tsohuwar waƙa, sannan a ba matasa dama su kawo tasu. A ware zaman mata daban, malama ta jagorance shi, a Islamiyya idan hakan ya fi kwantar wa iyaye da mazaje hankali. Wayar hannu ta isa ta naɗi komai, a ajiye kwafi a laburare, a tura wa gidan rediyo.

Akwai kuma aikin da babu mai yin sa idan laburare bai yi ba. A gidajen malamai na karkara akwai waƙoƙin wa'azi, na yabon Annabi da na ta'aziyya da aka rubuta da ajami, suna cikin gafaka ko akwati. Malami na rasuwa, gara da ɗigar damina su gaji takardun. Ba sai an raba iyali da kayansu ba: a ɗauki hoton shafukan, a rubuta sunan marubucin da garinsu, a nemi dattijon da ya san muryar waƙar ya rera ta. Muryar ita ce ke fara ɓacewa, domin ba a takarda take ba.

Wani zai ce laburaren da ke fama da kuɗin littattafai da wutar lantarki ina ya ga ta waƙa. Ƙorafin na da tushe. Amma ginin da babu mai shiga shi ne na farko da ake mantawa da shi idan an zo kasafi, kuma taron waƙa na cikin hanyoyi mafi araha na sa manomi da ɗansa su san ma'aikacin laburare da fuska. Wanda ya zo sauraron baiti yau, gobe shi zai tambayi littafi a kan ƙwarin da ya cinye tumatir a 2016.

Haɗarin da ya fi girma siyasa ce. Da zarar shugaban ƙaramar hukuma ya biya kuɗin rumfa da kujeru, zaman zai koma fagen kirari, mai waƙar tsadar taki da toshewar magudanan ruwa kuma ya rasa gurbi. Ya kamata hukumar laburare ta riƙe kuɗin shirin a hannunta, ta bar zaɓen waƙoƙi ga malaman Hausa na makarantun yankin da marubutan ANA, ta kuma sanar tun farko cewa ba a liƙi a wurin.